Tarihin Wani Adadi Mai Alƙalami Ashirin

Ga adadin: 18,446,744,073,709,551,615. In ka ƙidaya alƙalumansa za ka iske ashirin ne daidai. Kome gwanintar mutum da Hausa, in an ce ya karanta shi da baki sai ya ɗan tsaya tukuna, gama ƙidayar da muka gada ba ta yi tanadin irinsa ba. Zamanin da a ke ciniki da wuri, in abu ya wuce dubu sai a shiga zambar, a ce zambar goma, watau 10,000, zambar ɗari 100,000, har a kai zambar dubu, abin da yanzu a ke ce wa miliyan. Wuri zambar ashirin shi ne keso guda. Daga nan kuwa sai kwatance, a ce tari, ko a ce ba iyaka. Larabawan da ma haka su ke, kalmarsu ta ƙarshe ita ce alif, watau dubu, in sun so faɗin miliyan sai su ce dubun dubu. Wanda ya nace sai ya faɗi wannan adadi da Hausa, to, ya ce miliyan sau miliyan sau miliyan goma sha takwas da ɗoriya. Ɗoriyar ma ba ƙarama ba ce.

Asalinsa daga wani wasa ne na mutanen Hindu, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Ya yi kama da dara, sai dai a kan allo a ke yinsa, allon kuwa gida sittin da huɗu gare shi, takwas a tsaye takwas a kwance. Ibn Khallikan, wani alƙali haifaffen Irbil wanda ya yi alƙalanci a birnin Dimashƙa, ya fara rubuta littafinsa na tarihin manyan mutane a Alƙahira cikin shekara ta 1256, ya ƙare shi 1274. Da ya zo kan Assuli, gwanin shaɗaranji na Bagadaza, sai ya ratse ya ba da labarin wanda aka ce shi ya ƙaga wasan. Sunansa Sissa ɗan Dahir. Wai da ya kai wa Sarki Shihram wasan, sarki ya yi murna ƙwarai, ya ce ya faɗi abin da ya ke so. Sissa ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gida na sittin da huɗu. Sarki ya ji haushi, ya ga an raina kyautarsa. Ashe ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Da ma'aikatansa suka zauna lissafi suka komo suka ce duk alkamar ƙasar ba ta isa ba, ta duniya ma ba ta isa ba. Masana tarihi ba su ɗauki wannan labari a kan abin da ya faru da gaske ba, don sunayen mutanen kan sāke daga mai ba da labari zuwa wani. Lissafin dai gaskiya ne, in ka tara ƙwayoyin gidajen duka adadin nan na sama za ka samu.

Shi kansa Ibn Khallikan bai yarda da farko ba, har ya gamu da wani ma'aikacin hisabi na Iskandariya wanda ya zauna ya nuna masa. Dabarar mutumin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ya ninka ƙwayoyi har gida na 16, ya sami 32,768, ya ce to, wannan ya cika ƙadahi ɗaya, watau wani ɗan mudu na Masar. Daga nan ya bar ƙidayar ƙwaya ya koma ƙidayar mudu. A gida na 20 mudu ya zama sha shida, shi ne ma'aunin da su ke kira waiba. Waiba shida kuwa ardabbi ɗaya. Ya yi ta ninkawa har gida na 40, ya sami ardabbi 174,762 da sulusi biyu, ya ce a ɗauka wannan rumbu guda ne. A gida na 50 rumbuna suka zama 1,024, ya ce a ɗauka wannan birni guda ne. Da ya kai gida na 64 sai ga birane 16,384, kowane cike da rumbuna. Nan alƙali ya sallama. Ni a ganina ma'aikacin nan ya fi malaman makaranta da yawa sanin koyarwa, domin duk sa'ad da adadi ya fi ƙarfin ido sai ya sāke ma'auni, ya mai da shi abin da mutum ya taɓa gani. Mu ma muna iya yin irin nasa da lokaci. In mutum ya riƙa ƙidaya ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa ta sakan, dare da rana ba barci, sai ya yi fiye da shekara 584,000,000,000 bai gama ba. Da a ce a kan darar Hausa aka yi alkawarin, mai gurbi talatin, da jimla ta tsaya a 1,073,741,823, da sarki ya biya bai ko girgiza ba.

Tun kafin Ibn Khallikan da shekara wajen ɗari biyu da hamsin, Albiruni mutumin Huwarizma, wanda aka haifa 973, ya riga ya rubuta adadin sosai cikin littafinsa na tarihin al'ummai da kwanakinsu, wajen shekara ta 1000. Bai bi gida-gida ba, ƙa'ida biyu ya kafa. Ta farko, abin da ke cikin kowane gida ya fi jimlar duk gidajen da ke bayansa da ƙwaya ɗaya tak. Duba: 1 da 2 da 4 bakwai ke nan, gida na huɗu kuwa 8. Ta biyu, in ka riɓa abin da ke cikin gida da kansa, ka tsallaka gaba gwargwadon nisan da ka riga ka yi daga gidan farko. Gida na 5 yana da 16. To, 16 sau 16 shi ne 256, abin gida na 9. Sai 256 sau 256 ya ba da 65,536, gida na 17. Wannan sau kansa ya ba da 4,294,967,296, gida na 33. Wannan kuma sau kansa ya ba da abin da zai zauna a gida na 65, da akwai shi. A cire ɗaya, shi ke nan an sami jimlar allo duka. Riɓi huɗu ya yi maimakon ninki sittin da uku. A riƙe waɗannan gidaje da kyau, za mu komo kansu.

Duk wannan maganar girma ce. Amma masu hisabi tun zamanin Yunanawa suna da wata tambaya dabam da su kan yi wa adadi, watau wane iri ne, da me aka gina shi. Abu na farko mai sauƙi ne. Adadi ko dai ya rabu biyu daidai ko ya bar ɗaya, Hausawa su kan ce cika da mara, malamai kuwa su ce shafa'i da wutiri, kamar sallolin nan na bayan lisha. Namu ya ƙare da 5, saboda haka mara ne, biyar kuma tana shiga cikinsa ba saura. In ka tara alƙalumansa ashirin ɗin za ka sami 87, uku tana raba 87, tara ba ta raba shi, saboda haka uku na raba adadin, sau ɗaya kaɗai. Sulusinsa 6,148,914,691,236,517,205.

Akwai adadin da ba abin da ke raba shi sai ɗaya da shi kansa, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Larabawa suna ce masa awwal. Cikin wannan takarda gagara-rabo zan kira shi, bisa ga yadda Hausa ke haɗa gagara da abin da aka kāsa yi. Waɗannan su ne tubalan da aka gina sauran adadi duka da su, kowane adadi kuwa hanya ɗaya ce tak ta warware shi zuwa tubalansa. Uƙlidis na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna wani abu game da ninki irin na Sissa. In ka tara 1, 2, 4 da sauransu, jimla ta faɗa kan gagara-rabo, ka riɓa ta da adadin ƙarshe, abin da ka samu kamili ne, watau adadin da in an tara duk masu raba shi sai su koma shi daidai. Misali 1 da 2 da 4 bakwai ne, bakwai sau huɗu 28, masu raba 28 kuwa su ne 1, 2, 4, 7, 14, jimlarsu 28. Bayansa Nikomakus ya kasa adadi kashi uku: kamili irin 6 da 28, mai ƙari irin 12 wanda masu raba shi sun tashi 16, da mai tawaya irin 8 wanda nasa sun tsaya a 7. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza 901, shi ya juya littafin nan zuwa Larabci. Jimlar Sissa ba ta haifar da kamili, tun da uku da biyar sun raba ta. Da ya tsaya a gida na 61, da jimlarsa ta zama 2,305,843,009,213,693,951, wannan kuwa gagara-rabo ne, wani limamin Kirista na ƙasar Rasha, Pervushin, ya tabbatar da shi cikin 1883.

To, mene ne sauran tubalan adadinmu? Ga wata ƙa'ida da kowane ɗan makaranta ke iya gwadawa. In ka riɓa adadi da kansa ka cire ɗaya, daidai ya ke da ka riɓa maƙwabtansa biyu, na ƙasa da na sama. Huɗu sau huɗu ba ɗaya 15 ne, uku sau biyar ma 15. Da wannan sai hanyar Albiruni ta zama wuƙa. Adadinmu shi ne 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Na farkon kuma shi ne 65,535 sau 65,537. Sai 65,535 ya tsage ya ba da 255 da 257, 255 ya ba da 15 da 17, 15 ta ba da 3 da 5. Ga guntaye shida ke nan: 3, 5, 17, 257, 65,537, da 4,294,967,297. Kowannensu abin da ke cikin gida na 2, 3, 5, 9, 17 da 33 ne aka ƙara masa ƙwaya ɗaya. Biyar na farko gagara-rabo ne, ba shakka. Na shidan shi ya jawo magana ta shekara casa'in da biyu.

A birnin Tuluz na Faransa an yi wani alƙali, Pierre de Fermat, ana faɗin sunan Farma. Shari'a ce aikinsa, lissafi kuwa in ya sami sarari. Bai buga littafi ba, sai wasiƙu ga abokansa. Ba ta kan shaɗaranji ya zo ga waɗannan adadi ba, binciken kamili ne ya kawo shi. Cikin 1640 ya rubuta wa abokinsa Frénicle cewa ya sakankance 3, 5, 17, 257, 65,537, 4,294,967,297 da duk masu bin su a wannan jeri, har abada, gagara-rabo ne. Ya faɗi da bakinsa ba shi da cikakkiyar hujja. Cikin 1654 ya sāke faɗa wa Pascal, har yanzu ba hujja. Ya rasu 1665 a kan wannan zato.

Abin ba ƙarami ba ne. Da maganarsa ta tabbata, da an sami ƙa'idar da ke haifar da gagara-rabo kullum, kome girman da a ke so, abin da masu hisabi suka daɗe suna nema. Wanda kuwa ya so ya gwada na shidan ta hanyar da aka saba, sai ya raba shi da kowane gagara-rabo da bai kai 65,536 ba, su kuwa 6,542 ne, duk da alƙalami da takarda. Fermat babba ne, kowa ya san in ya faɗi abu ya kan zama gaskiya, sai aka bar maganar haka nan.

Cikin Disamba 1729 Goldbach, wani Bajamushe da ke aiki a fadar Sarkin Rasha, ya rubuta wa wani saurayi mutumin Basel wasiƙa, a ƙarshenta ya tambaye shi ko ya san wannan magana ta Fermat. Saurayin shi ne Leonhard Euler, ana faɗinsa Oila, yana aiki a majalisar masana ta birnin Fitasbag. Cikin 1732, yana da shekara ashirin da biyar, ya kawo wa majalisar amsa: 4,294,967,297 shi ne 641 sau 6,700,417. Kowa na iya gwadawa. A riɓa 6,700,417 da 600 a sami 4,020,250,200, da 40 a sami 268,016,680, a tara su a ɗora 6,700,417, sai ga adadin ya fito. Aikin minti biyu ne.

Ba sa'a ya yi ba. Daga baya ya bayyana hujjar cewa duk gagara-rabon da zai iya raba wannan adadi lalle ne ya zama riɓin 64 da ɗaya a kai. Da wannan sai dubu shida da ɗari biyar ɗin nan suka zube, ya rage 193, 257, 449, 577, 641, da na gaba da su. Gwaji na biyar ya ci. Abin mamaki shi ne, makamin nan na Fermat ne. Cikin wannan shekara ta 1640 da kansa ya yi aiki da irinsa, ya gano 223 tana raba jimlar gida 37 na farko. Wasu masana tarihin lissafi sun zaci ya gwada 641 ɗin, alƙalami ya zame masa wajen rabawa, bai sāke dubawa ba. Ni dai ban ga laifinsa wajen zato ba, tun da bai ɓoye rashin hujja ba. Inda na ke ganin sakaci shi ne wajen waɗanda suka karɓi wasiƙun, Frénicle ma gwani ne ƙwarai wajen warware manyan adadi, ya amince bai gwada ba.

Da amsar Euler sai tubalan adadin shaɗaranji suka cika bakwai: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537, 6,700,417. Ba wanda ya zo sau biyu. Tun da kowane tubali ana iya ɗaukarsa ko a bar shi, masu raba adadin duka 128 ne, in an haɗa da ɗaya da shi kansa. A bisa rabon Nikomakus mai tawaya ne, gama in an tara masu raba shi ban da shi, wajen bakwai bisa goma nasa kawai su ke kaiwa. Adadin da ya gagari rumbunan sarki, a wajen Bayunane ajinsu ɗaya da takwas.

Biyar ɗin Fermat na gaskiya kuwa ba su tashi banza ba. Tun zamanin Uƙlidis an san yadda a ke zana siffa mai kusurwa uku, ko biyar, ko goma sha biyar, gefunanta duk daidai, da rula da kamfas kaɗai. Shekara dubu biyu ba a ƙara ko ɗaya mai kusurwa mara a kansu ba. Ran 30 ga Maris 1796 wani yaro Bajamushe, Gauss, bai cika shekara goma sha tara ba, ya gano ana iya zana mai kusurwa 17. Cikin littafinsa na 1801 ya nuna dalili: in yawan kusurwoyi gagara-rabo ne irin na Fermat, ko riɓin waɗansu daga cikinsu ba maimaici, ko ninkin wannan, to, ana iya zanawa. Wantzel na Faransa ya cika hujjar cikin 1837, ya nuna ban da waɗannan, da mai kusurwa huɗu da ninke-ninkenta, babu. Shi ya sa mai kusurwa 7 ko 9 ba ta zanuwa ta wannan hanya, kome ƙoƙarinka, amma mai 257 tana zanuwa, Richelot ya nuna yadda a ke yi cikin 1832. Wani malami Hermes ya kashe shekara goma kan mai kusurwa 65,537, ya gama 1894, takardunsa suna ajiye cikin akwati a jami'ar Gottingen. Ban ce aikin ya amfani kowa ba, amma haƙurin ya isa a ambata. In ka riɓa biyar ɗin gaba ɗaya ka sami 4,294,967,295, watau ƙwayoyin rabin allon shaɗaranji, gida 32. Siffa mai wannan yawan kusurwa ita ce mafi girma cikin masu kusurwa mara da aka san rula da kamfas na iya zanawa.

Waɗannan adadi biyu, na rabin allo da na allo duka, sun sami wani aiki a zamanin kwamfuta. Ita kwamfuta da alƙalami biyu kaɗai ta ke ƙidaya, sifiri da ɗaya, kowane gurbi ninkin na bayansa, kamar gidajen Sissa sosai. Gurbi 32 in an cika su duka da ɗaya sun ba da 4,294,967,295, gurbi 64 kuwa adadinmu. Da aka tsara adireshin na'urorin intanet cikin 1981, gurbi 32 aka ba shi, ana ganin ya isa har ya yi yawa. Cikin Fabrairu 2011 hukumar da ke rabon adireshin ta ba da kason ƙarshe da ke hannunta, dole aka riƙa komawa ga sabon tsari mai gurbi 128.

Saura na bakwai a jerin Fermat. Shi ne adadin shaɗaranji a ƙara masa biyu, watau 18,446,744,073,709,551,617. Cikin 1880 wani tsoho Bafaranshe, Landry, ya haura shekara tamanin, ya warware shi da hannu, ya sami 274,177 sau 67,280,421,310,721. Tun daga nan aka yi ta bin na gaba, da alƙalami da farko, daga baya da kwamfuta. Daga na shida har na talatin da uku a jerin, an tabbatar kowannensu yana rabuwa. Har yau ba a sami gagara-rabo ko ɗaya irin na Fermat da ya wuce 65,537 ba, ba a kuwa sami hujjar da ta ce babu ba.